Yadda ake kwafar sifel a Magic ba tare da asarar kati ba

Yawancin gardamar da ake yi a teburin wasan katin Magic: The Gathering kan kwafin sifel, wato katin da ka jefa yana jiran yin aikinsa, in ka bi diddiginta zaka tarar daga wuri biyu take tasowa, wani bai san yaushe ne lokacin kwafar ba har dama ta wuce shi, wani kuma ya ɗauka kwafin ma jefa shi aka yi kamar sauran katuna. Kuma abin ba sabo bane, tun fitowar wasan a 1993 lokacin da Richard Garfield ya ƙirƙire shi kamfanin Wizards of the Coast ya buga, akwai katin Fork a bugun farko, ka biya jan mana biyu, mana shi ne kuɗin da ake biya a jefa kati, ka kwafi instan ko sosarin da kake so, wato sifel ɗin da ke aiki sau ɗaya ya wuce. A wancan lokacin dokar lokaci a cukurkuɗe take sosai, sai a 1999 da dokokin Sixth Edition suka zo aka kawo sitak ɗin da muke amfani da shi yanzu. Toh bari mu bi shi daki daki, kuma ina roƙonka ɗan uwa kada ka tsallake ɓangaren sitak da dama don kana gaggawar isa wajen kwafi, in wannan bai zauna maka ba sauran duk hadda ce kawai zaka yi.

Mataki na farko: ka san inda sifel yake zama kafin yayi aiki

Idan ka jefa Lightning Bolt ba nan take dameji 3 ɗin yake faɗawa kan abokin karawarka ba. Katin yana barin hannunka ya hau sitak, wato tsibin da duk sifel da duk wani iko suke jiran layinsu a kai, kuma tsarinsa irin na lodin kaya ne a mota, wanda aka ɗora ƙarshe shi ake fara saukewa. Ɗaya bayan ɗaya suke sauka, ba a zubo su gaba ɗaya. Abu biyu ne da ya kamata ka sani basa hawa sitak ko kaɗan, ajiye katin ƙasa, da juya ƙasa don samun mana, waɗannan ba wanda zai iya tsoma baki a tsakiyarsu.

Jefawar kanta tana da tsari kuma wannan tsarin shi zai dawo ya taimake ka in an zo maganar me kwafi yake gada. Ka ɗora katin, ka zaɓi wane zaɓi kake so in katin mai zaɓuɓɓuka ne, ka faɗi nawa ne X in akwai X, ka faɗi ko zaka biya ƙarin kuɗi irin Kicker, ka faɗi wa ka saita, in dameji ake rabawa ka raba shi tun yanzu, sannan ka biya. Sai bayan an gama biya ne ake cewa an jefa sifel. Duk abin da ka zaɓa a wannan lokacin ya manne a jikin sifel ɗin.

Mataki na biyu: dama, wa ke da ita kuma yaushe take kuɓucewa

Ba ka da ikon jefa komai sai dama tana hannunka. Da ka gama jefa sifel dama tana dawowa gare ka kai da ka jefa, ba wajen abokin karawa take fara zuwa ba, mutane da yawa basu san wannan ba. Daga nan ko ka ƙara ɗora wani abu ko ka miƙa. In ka miƙa shi ma ya miƙa ba tare da wani ya ƙara komai ba, abin da ke saman sitak ya sauka yayi aikinsa, shikenan. Bayan ya sauka dama tana komawa wajen mai zagayen, wato wanda lokacin wasansa ne, ko da ba shi ya jefa abin da ya sauka ba, sai a sake miƙe miƙe kafin na ƙarƙashinsa ya sauka.

Ga inda ake faɗuwa. Abokin karawarka saura masa rai 6, kana da Lightning Bolt da Reverberate, katin kwafi irin Fork, da jan mana uku. Ka jefa Bolt ka ɗago kai kana kallonsa kana jiran ya ce wani abu, yace ya wuce. Toh ya wuce ɗin kenan, kai ka miƙa shi ya miƙa, Bolt ya sauka ya tafi maƙabarta, inda ake tara katunan da suka gama aiki, babu sauran abin da Reverberate zai kwafa domin sifel ne kawai da ke kan sitak ake kwafa. A dokokin gasa ma haka aka ɗauka, duk wanda ya ɗora abu a sitak ana ganin ya miƙa dama sai in ya buɗe baki ya faɗa cewa yana riƙe da ita. Don haka ka faɗa da bakinka tun kana ajiye katin, Bolt a kanka, ina riƙe da dama, ga Reverberate a kan Bolt. A Magic Online ana danne Ctrl yayin jefawa, a Arena ma Ctrl ɗin ne yake kunna cikakken iko don kada kwamfuta ta miƙa a madadinka. A wasan Commander na mutum huɗu abin bai canza ba, dama tana zagayawa kowa ya samu tasa, amma in duk ukun suka miƙa ba zata sake dawowa gare ka ba, sauka kawai sifel ɗin zai yi.

Mataki na uku: bi saukar kwafin a hankali

Yanzu sitak yana da Bolt a ƙasa, Reverberate a sama. Ka miƙa, ya miƙa, Reverberate ya sauka. A wannan lokacin ne ake haifar kwafin, kai tsaye a saman sitak, bisa Bolt na asali, kuma a wannan lokacin ne kake faɗin ko zaka canza saiti, ba tun da farko ba. Wannan riba ce babba, abokin karawa dole ya yanke shawarar ko zai tare Reverberate alhali bai san ina kwafin zai nufa ba, kada ka tona masa tun kafin lokaci. Reverberate ya tafi maƙabarta. Mai zagaye ya karɓi dama, kowa ya miƙa, kwafin ya sauka da dameji 3. An sake bada dama, kowa ya miƙa, sannan na asali ya sauka. Kaga kenan kullum kwafi yana riga na asali sauka, kuma akwai tazara a tsakaninsu da kowa zai iya motsi a ciki.

Tazarar nan ba wasa bace. Kafin a miƙa wa kowa dama wasan yana duba fili, duk halittar da dameji ya kai taurinta ta mutu nan take, duk wanda ransa ya kai sifili ya faɗi. Idan ka saita kwafi da na asali kan halitta ɗaya mai tauri 6 lafiya lau, dameji yana zama a jikinta har ƙarshen zagaye, 3 da 3 sun kashe ta, sai dai ka sani mai ita zai iya jira kwafin ya sauka sannan ya ɗora Giant Growth taurin ya koma 9, ka ƙona kati biyu a banza. Idan kuma taurinta 3 ne ka bar duka biyun a kanta, kwafin zai kashe ta, na asali ya zo sauka ya tarar babu abin da aka saita shi a kai, sai ya wuce maƙabarta bai yi komai ba, kuma ba a yarda ka canza masa saiti ba domin izinin canjin na kwafi ne kaɗai. Dokar ita ce sifel yana sake duba saitinsa a lokacin sauka, in duk sun ɓace ko sun haramta gaba ɗayansa ya rushe har da ɗan ƙarin da ke jikinsa irin jan kati, in kuwa ko ɗaya ya rage zai yi aiki kan wanda ya rage.

Mataki na huɗu: me kwafi yake gada, me baya gada

Nan ne naman maganar yake, a babban kundin dokoki lamba 707.10 ce ta yi bayaninsa. A taƙaice duk abin da aka zaɓa lokacin jefawa kwafi ya gaje shi, duk abin da sai lokacin sauka ake zaɓa kwafi zai yi nasa zaɓin daban.

Ɗauki X. Wani ya zuba mana shida ya jefa Blaze da X a matsayin 5, kai da mana biyu kacal ka kwafe shi, naka ma dameji 5 ne, ba ka biya komai a kai ba. Ni a ganina wannan shi ne mafi daɗin amfani da katin kwafi, ka bar wani ya yi wahalar biya. Haka Kicker, Burst Lightning dameji 2 yake yi, in an biya ƙarin mana huɗu ya koma 4, toh in wanda aka biya wa ka kwafa naka 4 ne, in wanda ba a biya wa ba ne ba zaka iya cewa bari in biya wa kwafin yanzu ba, lokacin biya ya wuce. Fling ma haka, shi dameji yake bugawa daidai da ƙarfin halittar da aka sadaukar, mai shi ya sadaukar da halitta mai ƙarfi 7, kwafin yana kallon wannan halittar da aka riga aka sadaukar ne, 7 zai buga, kai ba sai ka yanka taka ba.

Zaɓuɓɓuka basa canzawa. Izzet Charm yana da uku, soke sifel ɗin da ba halitta ba sai in an biya mana biyu, ko dameji 2 kan halitta, ko jan kati biyu a zubar da biyu. In mai shi ya zaɓi dameji kwafinka ma dameji ne, zaka iya juya shi kan wata halittar amma ba zaka mayar da shi jan kati ba. Yawan saiti ma baya canzawa, rabon dameji ma haka. Electrolyze yana raba dameji 2 tsakanin abu ɗaya ko biyu sannan a ja kati, in an raba shi 1 da 1 kwafin ma 1 da 1 ne kan abu biyu, ba zaka haɗe su kan abu ɗaya ba, in kuma 2 aka ɗora kan abu ɗaya ba zaka raba ba. Jan katin kuwa naka ne, domin duk inda kati yace kai, mai kwafin yake nufi. Wajen canza saiti kana iya barin wasu yadda suke ka canza wasu, amma duk sabon da ka zaɓa dole ya zama halattacce, kuma in ka juya kwafin kan halitta mai Ward sai ka biya kuɗin Ward ɗin ko a soke kwafin, domin shi Ward saiti yake kallo ba ruwansa da ko jefawa aka yi.

Abin da baya bin kwafi shi ne ainihin manan da aka kashe. Painful Truths yana baka kati daidai da yawan launin manan da ka biya da shi, ka kuma rasa rai daidai da haka, wanda ya biya da launi uku ya ja kati uku, kai da ka kwafa ba ka kashe mana ko ɗaya a kan kwafin ba don haka sifili zaka ja. A kula da bambancin, ko an biya Kicker zaɓi ne don haka ana gadonsa, amma wane mana aka zuba ba zaɓin da ke manne a jikin sifel bane.

Sai zaɓin lokacin sauka. Ka kwafi Demonic Tutor, kwafin ya sauka ka shiga dek ɗinka ka ɗauko katin da kake so, na asali ya zo mai shi ya ɗauko nasa, in duka naka ne kati biyu daban daban kenan. Ka kwafi Mana Leak, mai soke sifel sai in an biya mana uku, kan sifel ɗaya, mai sifel ɗin sai ya biya uku wa kwafin sannan ya sake biyan uku wa na asali. Shi Fork yana da ɗan bambanci da ƙannensa Twincast na 2005 da Reverberate na 2010, kwafin da yake yi ja ne ko wane launi na asali yake, wani lokacin hakan yana buɗe hanya wani lokacin yana rufewa in halittar tana da kariya daga ja.

Mataki na biyar: kwafi ba jefawa bane, sai in kati yace jefa

Tunda a saman sitak aka haife shi bai bi ta hannu ba, duk wani abu da yake cewa duk lokacin da ka jefa sifel baya ganin kwafi. Monastery Swiftspear mai Prowess, ikon da ke ƙara mata ƙarfi in ka jefa sifel ɗin da ba halitta ba, zata ƙaru da Bolt, ta ƙaru da Reverberate, amma ba zata ƙaru da kwafin ba, biyu ne ba uku ba. Harajin Thalia na ƙarin mana ɗaya baya taɓa kwafi, Rule of Law da ke hana jefa fiye da sifel ɗaya a zagaye bata hana kwafin da tiriga, wato ikon da ke tashi da kansa in wani abu ya faru, ta haifar ba, Chalice of the Void mai soke sifel ma jefawa yake jira don haka kwafi yana wuce shi. Kuma shi ya sa zaka iya kwafar sosari a zagayen abokin karawa duk da cewa sosari a naka zagayen kaɗai ake jefa shi sitak yana fanko, ai ba jefa shi kayi ba. A 2021 da Strixhaven ta fito aka kawo Magecraft, shi an rubuta masa jefa ko kwafa, don haka yana tashi da duka biyun, ka karanta katin da kyau ka ga ko kalmar kwafi tana ciki.

Amma akwai wani gida daban da ke ruɗa mutane. Isochron Scepter na Mirrodin, 2003, yana ajiye instan mai kuɗi biyu ko ƙasa da haka, in ka biya mana biyu ka juya shi sai ya kwafi katin da aka ajiye ya baka izinin jefa kwafin kyauta. Wannan kam jefawa ce ta gaske, Prowess zai tashi, Rule of Law zata ƙirga shi, kai zaka zaɓi saiti da zaɓuɓɓuka daga tushe, zaka iya biyan Kicker in kana so, kuma in akwai X a kuɗinsa sifili ne tunda kyauta ka jefa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, in rubutun yace kwafi sifel, a sitak ake haifarsa ba jefawa, in yace kwafi kati sannan kana iya jefa kwafin, toh jefawa ce.

Kwafi kuma baya rayuwa a wajen sitak. In ya sauka ko aka soke shi ɓacewa yake yi, ba ya zama a maƙabarta. In aka yi masa Remand, katin da ke soke sifel ya mayar da shi hannun mai shi, ba zai zauna a hannunka ba, mai Remand dai zai ja katinsa, in na asali yana da Buyback da aka biya, wato ƙarin kuɗin da ke dawo da katin hannu, kwafin ba zai zama kati na biyu a hannunka ba. Wanda ya fita daban shi ne kwafin sifel ɗin da ke zama a fili kamar halitta, Lithoform Engine na Zendikar Rising a 2020 yana iya yin wannan da mana huɗu, in kwafin ya sauka sai ya zama tokin a fili, wato alamar da ke tsayawa a madadin kati. Reverberate da Twincast da Fork kuwa instan da sosari kaɗai suke kwafa.

Mataki na shida: in ana soke soke, wane lokaci zaka motsa

Wannan ɓangaren ne yake raba wanda ya iya da wanda ya haddace. Koma kan Bolt da Reverberate, amma yanzu abokin karawa yana da shuɗin mana biyu a buɗe. Ka riƙe dama ka ɗora Reverberate kan Bolt, shi kuma mai wayo ba Reverberate zai soke ba, Bolt zai yi wa Counterspell, katin soke sifel. Counterspell yana sama ya fara sauka, Bolt ya tafi, Reverberate ya zo ya tarar babu abin da ya saita ya rushe, da kati ɗaya ya cinye maka biyu. In kuwa ya yi sakaci ya bari Reverberate ya sauka, kwafin ya zama mai cin gashin kansa, ko ya soke na asali kwafin yana nan, kowanne sai an soke shi daban.

Don haka in ba kisa kake nema a wannan zagayen ba kuma kana zargin yana da Counterspell, ni shawarata ka jefa sifel ɗinka ka miƙa. In bai motsa ba sifel ya sauka Reverberate yana hannunka ba ka yi asara ba. In ya soke dama zata dawo maka tunda an ƙara abu a sitak, yanzu kana da hanya biyu. Ko ka kwafi sifel ɗinka, kwafin ya sauka yayi aiki sannan Counterspell ya cinye na asali. Ko ka kwafi Counterspell ɗin nasa ka juya kwafin kan Counterspell na asali, ya soke shi, sifel ɗinka ya sauka lafiya. Hanya ta biyu ita kaɗai ce in abin da ka jefa halitta ce, kuma ita ta fi in sifel ɗinka irin Painful Truths ne da kwafinsa fanko ne ko mai Buyback da kake son katin ya dawo hannu. Hanya ta farko tana da amfani in kana son canza saiti, misali ya motsa ta yadda wani abin ya fi cancantar duka yanzu. Kwafi dai ba zai saita kansa ba, babu sifel ɗin da ke saita kansa.

Akwai nau'in kwafi na biyu da ake shiryawa tun kafin a jefa, irin Doublecast na 2018, ka fara jefa shi ya sauka, sannan instan ko sosarin da ka jefa na gaba a zagayen tiriga ta tashi ta kwafe shi. Ita wannan tirigar bata saita sifel ɗin ba, don haka ko an soke na asali kafin ta sauka zata haifi kwafin da bayanin da sifel ɗin ya bari. Kuma ita ce hanyar kwafar sifel mai Split second irin Sudden Shock, domin muddin yana kan sitak ba mai jefa sifel ko kunna iko sai na mana, Reverberate ya zama ɗan kallo, amma tiriga tana tashi abinta.

Mataki na bakwai: Storm

Storm ya fito a Scourge a 2003, kuma tiriga ce da ke tashi a lokacin jefawa, tana haifar da kwafi ɗaya kan kowane sifel da aka jefa kafin wannan a zagayen. Na kowa ake ƙirgawa, naka da na abokin karawa, har wanda aka soke yana cikin lissafi tunda an jefa shi, amma kwafi baya shiga lissafi sai irin na Isochron Scepter. Tendrils of Agony yana cire rai 2 ya ƙara maka 2, in sifel tara suka gabace shi kwafi tara da na asali goma kenan, rai 20 cif, shi ya sa masu wannan dek ɗin suke ƙirga zuwa goma. Ka ajiye dayis ko takarda kana ƙirgawa a fili tun daga sifel na farko, gardamar lissafi bayan an yi nisa ba daɗi.

In kai ne a ɗaya ɓangaren kada ka ɓata Counterspell kan Tendrils na asali, tirigar tana samansa kuma zata haifi kwafinta ko ya mutu, rai 2 kawai ka ceta. Kuma in ka jefa Counterspell ɗin tun da wuri kan wani ƙaramin sifel ka sani kai ma ka ƙara masa lissafi. Abin da ke aiki shi ne Stifle, mai soke tiriga, kan tirigar kanta kafin ta sauka, ko ka jira kwafin su fito duka ka share su da Mindbreak Trap wanda ke korar sifel ko nawa ne daga sitak, ko Flusterstorm da shi ma Storm gare shi. In ka kwafi Grapeshot da Reverberate kwafi ɗaya zaka samu, Storm ɗinsa ba zai tashi ba tunda ba a jefa shi ba.

In tiriga da yawa suka tashi tare, mai zagaye ne yake fara ɗora nasa a tsarin da ya ga dama sannan na gaba da shi, don haka na mai zagaye su ne a ƙasa su ne ƙarshen sauka. In duk naka ne ka tsara su da tunani, wanda kake son ya fara aiki shi zaka ɗora ƙarshe.

Mataki na takwas: kwafin da baya ƙarewa

Kana da wata halitta a fili, ka jefa Twinflame, mai haifar da tokin kwafin halitta, a kanta, ka faɗa cewa kana riƙe da dama, ka jefa Dualcaster Mage wanda ake iya jefawa a kowane lokaci kamar instan. Mage ya sauka ya shigo fili, tirigarsa ta kwafi Twinflame da har yanzu yake kan sitak, ka juya kwafin kan Mage, ya haifi tokin ɗin Mage mai iya kai hari nan take, shi ma ya shigo da tasa tirigar ta sake kwafar Twinflame na asali, haka dai. Sirrin duka shi ne na asali yana kwance a ƙasa bai sauka ba, in ka manta ka miƙa dama ya sauka kafin Mage ya zo babu komai. Tokin ɗin ana korarsu a ƙarshen zagaye don haka kafin kai hari ake yin wannan. Abokin karawa kuma gurbinsa shi ne lokacin da tirigar take kan sitak, ya soke Twinflame na asali, ko ya kashe Mage lokacin da kwafin ya saita shi, duk da cewa in ya kashe Mage ɗin na asali zai ci gaba ya sauka kan halittar farko.

Haka in kana da Ral, Storm Conduit na 2019 mai buga dameji 1 duk lokacin da ka jefa ko ka kwafa, ka jefa kowane instan, ka ɗora Reverberate a kansa, ka ɗora Reverberate na biyu kan na farko. Na biyun ya sauka ya haifi kwafin na farko, ka juya kwafin kan Reverberate na farko, ya sauka ya sake haifar wani, kowane kwafi Ral ya buga 1. A irin wannan ba a cewa har abada, ka nuna zagayen sau ɗaya kowa ya gani, sannan ka faɗi adadi takamaimai kamar sau 50 da kuma inda kwafin ƙarshe zai nufa, abokin karawa yana da ikon cewa zai tsoma baki a karo na kaza, in ya faɗi haka a nan ake tsayawa a miƙa masa dama.